Ƙananan kantunan Kirsimeti: asalinsu, darajarsu da yadda ake jera su

Wata 'yar'uwa daga Jos ta rubuto cewa gwaggonta da ta daɗe a Amurka ta aiko mata da kwali cike da ƙananan gine-gine na adon Kirsimeti. Mafi yawansu ba su wuce tsawon tafin hannu ba, an rubuta Hallmark a kwalayensu, kowanne da ɗan zobe a kan rufinsa, bayansa kuma a buɗe, ana hango kanta da kwalabe da kujeru a ciki. Akwai kuma manya guda uku masu nauyi, na tangaran, da wayar lantarki a bayansu. Tana son sanin asalinsu, ko suna da tsada, yadda za ta jera su, da inda za ta fara in tana son ci gaba da tarawa.

'Yar'uwa, barka da samun wannan kyauta. Abu biyu zan roƙe ki tun kafin in shiga bayani. Kada ki jona manyan ukun nan a soket tukuna, domin wutar Amurka da tamu ba ɗaya ba ce, zan zo kan wannan. Kada kuma ki bari a kwashe kwalayen a kai bola ko a hura gawayi da su, ko da sun yamutse. A wurin masu tara irin wannan kaya, kwalin ma kaya ne.

Abin da ke hannunki iri biyu ne, kowanne da irin kulawar da yake so.

Ƙananan masu zobe a ka, bisa yadda kika kwatanta su, 'yan jerin nan ne da kamfanin ke kira Nostalgic Houses and Shops, wato gidaje da kantuna masu tuna wa mutum da. Hallmark kamfanin katunan gaisuwa ne da ke Kansas City a jihar Missouri. Joyce C. Hall ne ya kafa shi a 1910 yana matashi, da katunan hoto da ya zo da su garin cikin kwalayen takalmi biyu. A 1973 kamfanin ya fara fitar da kayan ratayawa a bishiyar Kirsimeti da sunan Keepsake, ya soma da ƙwallayen gilashi 6 da 'yan tsana na zare 12. Dabarar da ta ɗaga kasuwar ita ce buga shekara a jikin kaya, da fitar da su jeri-jeri, guda ɗaya a shekara, in shekarar ta wuce an rufe yinsa. Wanda ya sayi na bara da na bana, da wuya ya yarda na baɗi ya wuce shi.

Jerin gidaje da kantuna ya fara a 1984 da gidan 'yar tsana mai irin ginin zamanin Sarauniya Biktoriya. A 1985 aka fitar da kantin kayan wasan yara, a 1986 kantin alewa, a 1988 kantin katuna na 'yan'uwa Hall, wanda ke tuna mafarin kamfanin kansa. Gidan waya ya fito a 1989, ofishin 'yan kwana-kwana a 1991, kantin kayan araha na sent 5 da sent 10 a 1992, kantin magani a 1994. Wata mai sassaƙa ta kamfanin, Donna Lee, ita ce ta ƙera na farko-farkon, kuma jerin ya ci gaba har ya kai na 40 a 2023. Ki juya kowanne ki duba da kyau. Za ki ga shekara da sunan kamfani, da wata 'yar alama mai siffar bishiyar Kirsimeti da lamba a cikinta. Lambar ita ce matsayinsa a jeri: na 1992 shi ne na 9, na 1994 na 11. In kin ga biyu masu shekara ɗaya, ba kuskure ba ne, domin wani lokaci akan ƙara gini na musamman da ba ya cikin ƙirga, kamar babban kantin Tannenbaum's da aka yi a 1993 don cikar Keepsake shekara 20.

Me ya sa kantuna? Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin amsarta ce za ta nuna miki abin da kike kallo. Waɗannan gine-gine hoton babban titin ƙaramin garin Amurka ne na wajajen 1900 zuwa 1950, inda mai kanti ke zaune da iyalinsa a bene, shagonsa a ƙasa, ya san kowane mai saye da sunansa. A lokacin da Hallmark ya fara ƙera su, wannan titi yana mutuwa. Manyan rukunin kantuna na bayan gari da kamfanoni irin su Walmart, wanda aka buɗe a 1962, sun kwashe ciniki. Kantin kayan araha da aka fitar da adonsa a 1992 irin na Woolworth ne, wanda ya fara a 1879, kuma shekara biyar bayan fitar adon, a 1997, kamfanin ya rufe sauran kantunansa na wannan nau'i a Amurka. Mutanen da suka riƙa sayen waɗannan ƙananan shaguna suna sayen titin yarintarsu ne. Shi ya sa masu ƙerawa suka fi zuba ƙoƙari a ciki: sikeli a kan kanta, kwalaben alewa, kujerar aski, gadon mai shago a ɗakin sama. Gaban ginin kowa zai iya yinsa. Gwanintar tana bayansa, kuma duk shawarar da zan ba ki kan jere daga nan ta taso.

Manyan ukun ba na ratayawa ba ne, na ɗorawa a tebur ne. Ki kifa su a kan matashi ki karanta ƙarƙashinsu, zai yi wuya ba ki ga Department 56 ko Lemax ba. Na farkon ya samo sunansa ne daga sashe na 56 na wani kamfanin sayar da furanni da ke Minneapolis mai suna Bachman's. A 1976 ya fitar da gine-gine 6 masu fitila a ciki da sunan Snow Village, a 1984 kuma ya fitar da Dickens' Village, wanda aka sa wa sunan marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, yana kwaikwayon Landan ta ƙarni na 19. Wannan na biyun da kantuna ya fara, guda 7, cikinsu har da na mahauci, da mai burodi, da mai kayan lambu, da mai kyandir, da maƙeri. Da hannu ma za ki iya rarrabe su. Snow Village yana da sheƙi da santsi kamar farantin tangaran, ya kuma fi girma, Dickens' Village kuwa ba ya ƙyalli, launinsa a kwance yake. Lemax ya zo daga baya, a 1990, da farashi mai sauƙi da gine-gine da yawa masu motsi da kiɗa. A irin waɗannan manyan, bayan ginin a rufe yake, sai dai ki leƙa ta taga.

Amurkawa ba su suka ƙirƙiro wannan al'ada ba, gadonta suka yi, kuma ina ganin mai tarawa ya fi jin daɗin kayansa in ya san inda suka fito. A Jamus, tun ƙarni na 19 akwai ƙaramin kantin wasa na katako, mai aljihunan tebur da sikeli da buhunan sukari kamar ɗan yatsa, wanda iyaye ke fitowa da shi ranar jajiberin Kirsimeti, yara su yi ta ciniki na 'yan makonni, sannan a mayar da shi ɗakin ajiya sai wata shekara, a ƙara masa sabon kaya. A tsaunukan Erzgebirge da ke jihar Saxony akwai ƙauyen Seiffen, wanda asalinsa garin haƙar kuza ne kamar Jos ɗinku. Da kuzar ta ja baya, mahaƙa suka koma sassaƙar kayan wasa na katako. Wajajen ƙarshen ƙarni na 19 ƙasashen da ke sayen kayansu suka koma karɓar kuɗin fito bisa nauyi, ba bisa darajar kaya ba, sai masassaƙan suka ƙanƙanta aikinsu har suka kai ga shirya kicin ko aji ko shago cikakke a cikin kwalin ashana. Har yau ana yinsu a can. Jamusawa 'yan cocin Morabiya da suka kafa garin Bethlehem a Pennsylvania a 1741 su suka kai Amurka ɗabi'ar shirya ƙaramin ƙauye a gindin adon Kirsimeti, wanda suke kira putz. Daga ƙarshen shekarun 1920 Japan ta riƙa cika kantunan araha na Amurka da ƙananan gidajen kwali masu rami a baya don kwan fitila. Waɗannan su ne kakannin manyan ukun da ke gabanki.

Amma in ana maganar shago da mai shago, ba a yi kamar mutanen Napoli a Italiya ba. A ƙarni na 18 masu hannu da shuni na birnin, har da gidan sarauta, suka shiga gasar shirya hoton haihuwar Yesu Almasihu, sai dai maimakon su tsaya ga komin dabbobi da makiyaya, suka kwaso kasuwar garinsu dungurungum suka zuba a ciki. Ga mahauci da tsagin nama a rataye, ga mai kifi, ga mai cuku, ga gidan abinci da masu ci a bakin ƙofa. Kan mutum na yumɓu ne, idanunsa na gilashi, jikinsa waya ce da aka naɗe da zare don a iya lanƙwasa shi, rigarsa kuma ta yadi ce ta gaske. 'Ya'yan itatuwa da kifi da kakin zuma ko yumɓu ake yinsu. Mafi shahara shi ne wanda Michele Cuciniello ya bai wa gidan tarihi na San Martino, aka buɗe shi a 1879, kuma a titin San Gregorio Armeno masu wannan sana'a suna aiki duk shekara. Ki riƙe wannan a ranki, zai yi miki amfani in mun zo kan ƙari.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san ita mutanen gida suka fara yi miki. Gaskiyar ita ce mafi yawan waɗannan kaya ba su da tsada a kasuwar 'yan hannu. A shekarun 1990 an yi zazzaɓin tara su a Amurka. Kamfani ya sanar cewa ya daina yin wani gini, farashinsa ya yi sama. Aka riƙa buga littattafan farashi, mutane suna sayen biyu-biyu, ɗaya na jerawa ɗaya na ɓoyewa a kwali don riba. Sai eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ya zo a 1995, a hankali kowa ya gane cewa abin da ake zaton ya yi ƙaranci yana jibge a ɗakunan ajiyar dubban gidaje. Yanzu kuma waɗanda suka tara sun tsufa, 'ya'yansu suna fitar da kayan kwali-kwali. Na shekarun 1990 da yawa ana samunsu a farashin da aka sayar da su da farko ko ƙasa da haka. Waɗanda ake nema da gaske su ne na farkon jeri, wato na 1984 zuwa 1986, domin lokacin masu tarawa ba su yi yawa ba, da kuma gine-ginen Snow Village na shekarun farko, da waɗanda aka ƙayyade adadinsu aka buga musu lamba. Ko a nan ma sai in ba abin da ya ɓalle, kuma kwalin yana nan da ɗan harshensa mai farashi. Ga ki kuma a Jos, inda kuɗin aika kaya zuwa ga mai saye zai iya cinye ribar. Ni dai ban ga wannan a matsayin abin baƙin ciki ba. Kayan da ba jari ba ne, mutum na iya fito da su ya kalla hankalinsa kwance, ya kuma ƙara wasu ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga kantin alewa na 1986 da bai taɓa fita daga kwalinsa ba.

To, jere. Ko da yake an sa musu zobe don ratayawa, shawarata ita ce kada ki rataye ƙananan a bishiya, ko kuma ki rataye biyu ko uku kawai. In suna reto a reshe, gabansu ne ke kallon falo, buɗaɗɗen bayan yana kallon gindin bishiya cikin duhu, aikin da aka fi wahala a kansa ya tafi a banza. Ki sama musu kanta ko ɗaki ɗaya a kabet mai ƙofar gilashi, daidai tsayin idon wanda ke tsaye, ko kaɗan ƙasa da haka. Ki sa madubi a bayansu, ki bar tazarar yatsa huɗu tsakanin madubin da gine-ginen. Da haka mai kallo zai ga fuskar kanti a gabansa, ya ga cikinsa a madubi, titin kuma ya ninku biyu. In babu madubi, ki juya kowane na uku ya ba mai kallo baya. Wanda kika fi so kuwa, ki ɗora shi shi kaɗai a kan ɗan faifai mai juyawa irin wanda masu kek ke amfani da shi, baƙo ya juya faifan ba tare da ya taɓa ginin ba.

Duk wadda ta taɓa ganin jeren amarya da gwana ta yi ta san ba yawan kwalla ke sa ɗaki kyau ba, tsari ne: manya a baya, hawa-hawa, kowace tana samun inda za a gan ta. Haka nan ma. Ki samo farin soson nan mai tauri da ake tallafe talabijin da shi a kwali, ki yanka shi matakai biyu ko uku, ki lulluɓe da farin yadi. Kada ki ja su layi ɗaya ƙyam. Gari na gaske yana da kwana da lungu da fili. Ki haɗa kantuna uku kafaɗa da kafaɗa, ki bar rata, ki ɗan karkata gidan waya kamar yana kan kwana, ki kai coci ko makaranta mataki na sama, gidajen kwana kuma can gefe. In kin gama, ki ja da baya taku uku ki duba, sannan ki cire abu ɗaya. Kusan kullum tsarin ya fi kyau bayan an rage.

Kada ki gwama ƙananan da manyan a wuri ɗaya. Ginin bene na Hallmark wajen santimita 10 ne, na tangaran kuwa yakan ninka haka, in suka tsaya kusa da juna ƙaramin sai ya koma kamar kayan wasan babban. Ki ba su kanta daban-daban. In kina son ƙara mutane da motoci da bishiyoyi a titin ƙananan, ki nemi waɗanda ake yi wa masu jirgin ƙasan wasa a awon da ake kira HO, wato kashi 1 cikin 87, inda babban mutum ke zama santimita 2. Kamfanonin Jamus irin su Preiser da Noch sun ƙware a kansu. Mutanen da Department 56 ke sayarwa tare da gine-ginensa sukan fi ƙofofin girma, haka kamfanin ya yi su, don haka ki ajiye su can gaba, nesa kaɗan da ƙofa, ido ba zai kama bambancin ba.

Haske shi ne rabin aikin. Tsofaffin ƙananan nan ba su da fitila a jikinsu. Ki sayi siririyar wayar nan mai ƙananan ƙwayoyin LED, mai amfani da batir ko wadda ake jonawa a abin cajin waya, ki zaɓi mai haske ruwan ɗorawa-ɗorawa, wadda akan rubuta wa 2700K ko 3000K. Farar wuta mai shuɗi-shuɗi tana kashe launin bulo da katako. Ki shimfiɗa wayar a ƙasa tsakanin madubi da gine-gine, ƙwaya ɗaya a bakin kowane shago, hasken ya shiga ɗakunan ya fito ta tagogi. Kada ki kunna kyandir kusa da su ko kaɗan, roba ce da fenti. Kada kuma ki ajiye su inda rana ke faɗowa ta taga. Jan launi ne ke fara kodewa, fari ya koma rawaya, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Ga batun wayar manyan. A Amurka wutar gida bolt 120 ce, a Najeriya 230. In kika sa adafta kawai kika jona, kwan zai ƙone nan take, wani lokaci ya fashe a cikin ginin. Kina iya sayen ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta a wajen masu kayan lantarki, amma da yadda wutarmu ke hawa da sauka, akwai hanyar da ta fi. Mazaunin kwan yana maƙale ne a wani rami a bayan ginin da 'yan fikafikan ƙarfe biyu. Ki matse su a hankali ki zaro shi gaba ɗaya, ki naɗe wayar ki ajiye a kwalinta, sannan ki tura ƙwayoyin LED uku ko huɗu ta wannan ramin. Ba zafi, ba fargabar a kawo wuta da ƙarfi cikin dare. In na Lemax ne, wasunsu bolt 4.5 suke so, wato ƙarfin batir uku irin na rimot babba, sai ki karanta jikin adaftarsu ki ga ko an rubuta 100 zuwa 240 kafin ki jona. Auduga ko zaren filo da za ki shimfiɗa a matsayin dusar ƙanƙara kada ya taɓa kwan da ke zafi. Farar hodar nan da ake barbaɗawa kuwa ki bar ta, takan shige cikin shagunan ta maƙale a lungunan da burushi ba ya kaiwa.

Abin da ya fi wahalar da mai irin wannan kaya a wajenmu shi ne Kirsimeti na zuwa ne a tsakiyar hunturu. Kwana uku a buɗaɗɗen wuri sun isa ƙura ta kwanta a kan kowace kwalba da ke cikin kantin. Shi ya sa na nace a kan kabet mai gilashi. In za ki share, ki samo sabon burushin kwalliya mai laushi wanda hoda ba ta taɓa ba, da 'yar robar hura iska irin ta masu kamara. Ki hura tukuna, sannan ki share daga ciki zuwa waje, kina riƙe da ginin ta gindinsa, ba ta bututun hayaƙi ko allon suna ba. Kada ki wanke su da ruwa. Fentin a sama yake, wasu allunan kuma takarda ce aka liƙa. Mai sheƙin nan na tangaran kaɗai za ki iya gogewa da auduga mai ɗan danshi, shi ma ki kauce wa inda aka yi rubutu ko aka barbaɗa ƙyalƙyali. Kananzir da fetur da abin goge jan farce suna narkar da roba da fenti. Hayaƙin turaren wuta da na suya suna barin maiƙo wanda ƙura ke mannewa a kai, don haka ki rufe kabet kafin a turara falo.

In wani abu ya ɓalle, kada ki yi gaggawar ɗauko gam mai kamawa nan take. Tururinsa yana barin farin tabo a kan roba da tagogi, kuma in kika liƙa a karkace shi ke nan. Farin gam na kafintoci ya fi, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace, yana bushewa garau, ana kuma iya ɓamɓare shi in an so sakewa. Tangaran da ya rabe biyu ne kaɗai ke buƙatar gam mai ƙarfi. Duk guntun da ba ki san inda ya fito ba, ki sa shi a ambulan ki rubuta ranar, sau da yawa sai wata shekarar ake gano gurbinsa. Waɗannan guntaye da ƙananan batura masu kama da maɓalli haɗari ne ga yaro mai kai komai baki, ki sa ido.

Ajiya ta fi jere tsawo, domin wata goma sha ɗaya za su yi a rufe. Kada ki jefa su cikin silin ƙarƙashin rufin kwano. Zafin Maris da Afrilu yana lanƙwasa roba yana sassauta gam. Danshin damina kuma yana sa kwali funfuna, ga gara da kyankyasai masu son gam da takarda. Ki mayar da kowanne cikin kwalinsa, ki jera kwalayen a babbar robar ajiya mai murfi mai kamawa, ki jefa 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ke zuwa cikin sabon takalmi, ki ajiye robar a ƙasan wadrob a ɗaki mai sanyi. Kada ki naɗe su da jarida, tawadar na kama fenti, farar takarda mai laushi ko tsohon farin yadi ya fi. Kada ki sa kafur a ciki, wasu nau'o'insa suna cin roba. Ki cire kowane batir. Manyan kuma, ki ɗauki hoton yadda suke kwance a cikin sosonsu kafin ki fitar da su, domin ta fuska ɗaya kawai suke shiga, kuma yawancin karayar da nake gyarawa wajen tura gini ta inda ba nan ba take faruwa. Ki buɗe ɗan littafi ki rubuta suna da shekara da halin da kowanne yake ciki. Ki kuma kira gwaggo ki tambaye ta inda ta sayi kowanne da dalilin da ya sa ta zaɓe shi, ki rubuta a gefe. Wannan bayani ba ya cikin kowane littafin farashi.

In za ki ƙara, ki taƙaita buri. Wanda ya ce zai tara komai, kuɗinsa da wurinsa ke ƙarewa kafin ya samu abin kallo. Ki ce kantuna kawai, ban da gidajen kwana, ko ki ce za ki cike giɓin da ke tsakanin mafi tsufa da mafi sabunta a cikin naki. Gwaggo za ta fi samunsu da araha a kantunan gwanjo da gidajen da ake sayar da kayan gado, da kuma bayan Kirsimeti lokacin da kantuna ke karya farashi. Sababbin na kowace shekara a watan Yuli Hallmark ke fara fitar da su. In ta intanet ne, kada a biya sai an ga hoton bayan ginin da ƙarƙashinsa, domin mai sayarwa yakan ɗauki fuska kawai, ɓarnar kuwa a ciki take: kujera ta ɓace, sikeli ya karye, an sake fenti da hannu. A taho da su a jakar hannu. Akwai kuma jerin 'yan mitsi-mitsi mai suna Old English Village da Hallmark ya yi daga 1988 zuwa 1997, guda 10 ne cif, kowanne bai fi kan babban yatsa ba. Jeri ne da aka rufe, ana iya kammala shi, kuma duka goman za su shiga aljihun jaka ɗaya.

Sai abin da na ce ki riƙe game da Napoli. Mutanen can kasuwarsu suka sa, ba ta wani ba, kuma ba abin da ya hana ki yin haka a kanta ta daban ko a ƙarshen titinki. Teburin mai shayi da bencinsa, tukubar mai tsire, rumfar mai dankali da kabeji, shagon tela da kekensa, duk ana iya yinsu da kwali mai kauri da tsinken ashana da gwangwanin madara da aka yanka a matsayin kwanon rufi. In akwai masassaƙi mai haƙuri kusa da ke, ki kai masa ɗaya daga cikin na Hallmark ya gani da idonsa, ki ce ya bar bayan a buɗe kamar yadda suka yi. Awon ne kawai za ki tsaya a kai: ƙofa kada ta wuce santimita 2 da rabi, tebur santimita 1, benci rabin haka. Ki fara yanka ƙofar a takarda ki tsayar da ita kusa da ta kantin magani, in sun yi daidai sai a ci gaba da sauran.